Zuwa ga Abba, a Birmingham

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyi? Mu nan kowa lafiya lau, alhamdu lillahi. Ummanka ta nuna mini saƙon da ka turo mata, wanda ka ce kada ta gaya mini tukuna. Kada ka ga laifinta. Kwana biyu ta yi ba ta runtsa ba, ni na matsa mata da tambaya. Na ga cewa kai da abokanka uku kun samu wani mutum da ya ce zai zama manajanku, har ya kawo takarda, kuma kana tunanin jingine karatu shekara guda ka bi kiɗa. Na gwammace in rubuto maka da in kira, domin a waya ɓacin rai yakan riga hankali fitowa.

A saƙon ka kafa hujja da ƙungiyar kiɗan nan Black Sabbath, ka ce su ma 'yan unguwar Aston ne ta Birmingham, babu mai digiri a cikinsu, ga shi duniya ta san su. Gaskiya ne. Amma Aston ɗin nan na zauna a cikinta daga 1977 zuwa 1980, lokacin ina karatun injiniya. Ɗakina yana sama, ɗakin ɗan mai gidan yana jikin nawa. A masana'antar narka ƙarfe yake aiki, ƙarƙashin farcensa kullum baƙi ƙirin ko ya wanke. Da ya dawo da yamma sai ya ɗora faifai, har cokalin da ke cikin kofin shayina ya riƙa rawa. Ran nan na gaji na ƙwanƙwasa masa ƙofa da niyyar faɗa. Sai ya ja mini kujera, ya miƙo mini kwalin faifan, na Black Sabbath ne, ya nuna mai jitarsu Tony Iommi da yatsa, ya ba ni labarinsa.

Tony Iommi yana da shekara 17 injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, a ranarsa ta ƙarshe a wurin aikin. Bahago ne, saboda haka yatsun da yake danna tsirkiya da su ke nan. Aka ce masa shi da jita har abada. Ya samo robar sabulun wanke-wanke ya narkar, ya dunƙule ta, ya huda da ƙarfe mai zafi har ta shige yatsa, ya goge, ya manna mata fatar tsohuwar riga don kada ta zame. Ya koma siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta su don rage zafi, sai amon ya yi ƙasa, ya yi kauri. Wani ɓangare na nauyin kiɗan hebi metal da kake so daga nan ya samo asali. Wannan labarin ya zauna mini shekara arba'in da wani abu, domin aikin injiniya ne tsantsa yaron ya yi da yatsunsa masu ciwo. Ban taɓa raina mutanen nan ba, ko da yake kiɗan bai taɓa shiga raina ba, sunan ƙungiyar kuwa har yau ba ya mini daɗin faɗa.

To amma ka karanta labarin har ƙarshe. 'Yan Black Sabbath sun haɗu a 1968. Faifansu na farko a yini ɗaya suka naɗe shi, ya fito ranar 13 ga Fabrairu, 1970. Kafin shekarar ta ƙare na biyun ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Yara huɗu 'yan talakawa, suna cika filaye a Amurka. In suna son mota ko gida sai su kira ofishin manaja a kawo, su kuma ba su taɓa zama sun duba littafin kuɗi ba. Da suka farga, suka tarar akasarin abin da suke zaton nasu ne ba da sunansu yake ba. Faifansu na 1975 a tsakiyar shari'a suka yi shi, suna ɗakin naɗa sauti ana kawo musu sammaci. 'Yan ƙungiyar Judas Priest, su ma 'yan yankinku, faifai biyu suka yi wa wani ƙaramin kamfani, suna aikin ƙwadago a gefe don su ci abinci. Da suka bar shi zuwa babban kamfani, haƙƙin mallakar faifan biyu sai ya zauna a hannun na farkon. Babu wanda ya sa musu wuƙa a wuya. Hannu suka sa a takardar da ba su fahimta ba.

Ka san na ɗanɗana irin wannan. Kana firamare lokacin da na shiga haɗin gwiwar kayan gyaran injin ban ruwa, na sa hannu a shafi na ƙarshe saboda kunyar in ce wa mutumin da muke salla sahu ɗaya bari in karanta. Filinmu na bayan gari a nan ya tafi.

Sai maganar giya da ƙwaya, wadda ita ce ta hana Ummanka barci. A 1979 abokan ƙuruciyar Ozzy Osbourne, mawaƙin Black Sabbath, suka sallame shi daga ƙungiyar saboda shaye-shaye, alhali su ma suna ciki. John Bonham, makaɗin gangar ƙungiyar Led Zeppelin, ya rasu a Satumbar 1980 yana da shekara 32, bayan ya wuni yana shan barasa. A Disamba sauran ukun suka ce sun rufe ƙungiyar. Tommy Bolin da ya yi wa ƙungiyar Deep Purple jita ya mutu a 1976 yana da shekara 25. Na yarda da tarbiyyarka, Abba. Amma wuraren da ake wannan kiɗan mashaya ne, kuma mai sallar asuba da mai tashi daga wasa ƙarfe uku na dare, da wuya su daɗe a jiki ɗaya.

Tunda kana son misali daga cikinsu, ga Bruce Dickinson, mawaƙin ƙungiyar Iron Maiden. Yana waƙa yana jami'a a Landan, kuma sai da ya kammala digirinsa na tarihi. Ya shiga ƙungiyar a 1981, daga baya har ya zama matuƙin jirgin fasinja. Saura zango uku kacal ka gama. Kuma ka tuna da bizar ɗalibi kake zaune a ƙasar: ba ta yarda ka mai da kiɗa sana'a ba, in kuwa ka jingine karatu jami'a za ta sanar da hukuma, a taƙaita maka zama. Shi manajan ya gaya maka wannan?

Ba zan ce ka yar da jitar ba, don na san in na faɗa ɓoye mini kawai za ka yi, kuma ɓoyon ya fi ba ni tsoro. Abin da nake nema a wurinka shi ne kada biro ya taɓa takardar nan. Ka ɗauki hotonta shafi-shafi ka turo mini, har da ƙananan rubutun da ke ƙasa. Ka je ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai su nuna maka inda za ka samu lauyan da ya san harkar waƙa, ni zan biya. In mutumin ya ce ba zai jira mako biyu ba, ka bar shi ya tafi.

Ran Juma'a in ka sauko daga masallaci ka kira ni, ina gida. Ka fara gaisawa da Ummanka, ka kwantar mata da hankali. Ƙannenka suna gaishe ka, Hajiya kuma ta ce a tambaye ka ko yajin da ta aika ya iso.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Wassalam,
Mahaifinka.