Wasiƙa zuwa ga aminina kan ɗaure jirgi a bisa tirela

Yelwan Yawuri,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga aminina Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni, na kuma yi murna ƙwarai da jin cewa ƙaramin jirgin faiba da ka daɗe kana neman saya ya shigo hannu, har da injinsa mai ƙarfin doki 40 da ƙaramar tirelar da ake jan sa da ita. Allah ya sanya albarka, ya sa abin arziki ne. Sai dai akwai magana guda a cikin saƙon da ta hana ni sukuni, wato inda ka ce yaranka sun riga sun ɗora jirgin, sun ja shi da winci, wato ƙarfen naɗe igiya da ke gaban tirela, har ya kai gaba, saura kawai ku kama hanyar dam ɗin Tiga. Saboda wannan maganar na ga ya fi kyau in zauna in rubuto maka a tsanake, domin abin da aka faɗa a waya iska ce ke tafiya da shi.

Igiyar winci aikinta ta jawo jirgi daga ruwa ta hau da shi bisa tirela, kuma da zarar ya hau aikinta ya ƙare. Ba a yi ta don ta riƙe jirgi a kan hanya ba. Ni kaina ban yarda da haka ba sai da na ga ta'asa da idona a watan Maris na 2020, shekarar da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan ya yi shekaru ba a yi ba. Mun taso daga nan da jirgi a bayanmu, muka bi ta Koko za mu Jega, kuma abin da ke riƙe da jirgin bai wuce igiyar winci da wata igiyar roba guda da na zagaya ta cikinsa ba. Kafin mu kai Jega wata akuya ta faɗo hanya, direba ya taka birki da ƙarfi, mota ta tsaya, tirela ta tsaya, amma jirgin bai tsaya ba. Ya haye kan robar da ke tare goshinsa, ya zo ya daki bayan motar har gilashi ya tarwatse, kuma da akwai mutum a kujerar baya da labarin ya sha bamban. Laifin ba na direba ba ne, ba kuma na akuya ba, nawa ne, domin ni na ɗaure.

Dalilin abin mai sauƙi ne idan an lura. Igiyar winci gaba take ja, to idan jirgi ya zabura gaba a lokacin birki, sai ta saki maimakon ta riƙe. A ƙa'idar ɗaure kaya da ake bi a ƙasashen Turai, ana lissafin cewa kaya na iya tura gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin ɗari na nauyinsu idan aka taka birki sosai. Ka ƙaddara jirginka da inji da mai da komai sun kai kilo 500, ka ga kusan kilo 400 ne za su tunkaro bayan motarka a lokaci guda. Don haka goshin jirgi na bukatar abu uku. Da farko a ja shi har ya zauna daram a jikin robar da ke gaban tirela, zoben ƙarfen da ke goshinsa yana ƙarƙashin robar, a kuma tabbatar makullin wincin ya kama haƙorinsa. Sa'an nan a maƙala gajeriyar sarƙa daga jikin sandar winci zuwa wannan zoben, saboda ko igiya ta tsinke jirgin ba zai sulale ta baya ya faɗi a kan titi ba. Na uku, wanda shi ne na rasa a ranar, a sa wani bel dabam daga zoben ya sauka ƙasa yana ɗan karkata baya, a ɗaure shi a ƙarfen tirelar kanta, domin shi ne zai hana goshin ɗagawa sama ko zabura gaba.

Bayan jirgi kuwa nan ne nauyi ya taru saboda inji, wanda irin naka shi kaɗai ya kai wajen kilo 70. Duk ramin da taya ta faɗa, bayan jirgin zai yi tsalle ya dawo ya bugi katakon da yake kwance a kai, kuma faiba ba ta jure irin wannan duka, tsagewa take yi a hankali ta inda ido ba ya gani sai an shiga ruwa. Ka sayi bel biyu masu ƙarfen matsewa, irin waɗanda direbobin manyan motoci ke ɗaure kaya da su amma ƙanana, ka sa ɗaya a dama ɗaya a hagu, daga zoben bayan jirgi zuwa ƙarfen tirela. Ka duba lambar nauyin da aka rubuta a jikinsu kafin ka biya kuɗi, ka kuma guji wanda rana ta ci har launinsa ya koɗe ko gefensa ya fara zarewa. Inda bel ya ratsa kaifin gefen jirgi a sa tsumma ko guntun tsohon tib a ƙarƙashinsa. A matse har idan ka girgiza jirgin tirela ta motsa tare da shi kamar jiki ɗaya, amma kada yara su hau ƙarfen matsewar da dukan ƙarfinsu don nuna ƙwazo, domin matsi fiye da kima yana lotsa jikin jirgi. Na san za a ce maka igiya ta wadatar tunda da ita masunta ke ɗaure kwale-kwale a kan mota tun kaka da kakanni. Kwale-kwalen katako jikinsa na da kaushi, igiya na kama shi, shi kuwa na faiba santsi gare shi kamar tarwaɗa, sannan igiyar roba tana miƙewa idan ta ji zafi da girgiza.

Inji kuma kada a bar shi yana reto. Idan an bar shi a miƙe ƙasa, farfela na iya dukan tudun rage gudu ko bakin rami, idan kuma an ɗaga shi aka dogara da ɗan ƙarfen da ke riƙe shi a ɗage, ƙarfen nan ba a yi shi don girgizar hanya ba. Abin da ya fi shi ne a ɗaga shi daidai gwargwado, a tokare ƙafarsa da sanda mai ƙarfi wadda ta sauka a kan ƙarfen tirela, a ɗaure, a kuma ɗaura jan ƙyalle a farfelar don na baya ya gani. Tun da tafiyarka daga Kano zuwa Tiga ba ta wuce kimanin kilomita 70 ba, wannan ya isa, amma da a ce tafiya mai nisa ce irin daga nan zuwa wurinka, da sai in ce ka kwance injin gaba ɗaya ka kwantar da shi a cikin mota bisa yadda littafinsa ya nuna.

Akwai kuma batun daidaita nauyi, wanda mutane da yawa ba sa kula da shi sai tirela ta fara rawa da su. Nauyin da ke danna kan maƙalar mota, wato wurin da ake haɗa tirela da ita, ya kamata ya zama tsakanin kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na jimlar nauyin tirela da kayanta. Idan duka sun kai kilo 700, to tsakanin kilo 50 da 70 ake so a gaba, kuma za ka iya aunawa da sikelin da ake auna mutum, ka ɗora guntun katako a kansa ka sauke hancin tirelar a kai. Idan gaba ya yi sauƙi har mutum na ɗaga shi da hannu ɗaya ba wahala, nauyi ya koma baya, kuma da gudu ya ɗan ƙaru wutsiyar za ta fara kaɗawa dama da hagu. Maganinsa shi ne a matso da jarkokin mai da batir da anka zuwa gaban tayoyi, a ɗaure su kada su yi yawo. Filafili, raga, rigunan kariya daga nutsewa da duk wani abu mara nauyi a sa su cikin mota, domin iska za ta kwashe su. A cire toshiyar ramin fitar da ruwa da ke bayan jirgi, tunda kowace lita ta ruwa kilo guda ce, kuma ruwan sama na sa'a ɗaya na iya ƙara maka nauyin da ba ka lissafa ba. Amma ka ɗaure toshiyar a jikin makullin injin, saboda na san wanda ya manta ya mayar da ita sai da ruwa ya kai masa idon sawu a tsakiyar tafki.

Wurin haɗa tirela da mota ina roƙonka ka duba da kanka, kada ka wakilta kowa. Ƙwallon ƙarfen da ake maƙala tirela a kai ba girma ɗaya ba ne. Motocin da suka fito daga Turai nasu milimita 50 ne, na Amurka kuwa da inci ake auna su, akwai mai inci 2 wanda ya ɗan ɗara milimita 50, akwai kuma ƙarami wanda bai kai milimita 48 ba. Mu da muke sayen mota daga wata ƙasa, tirela daga wata, a ido za ka ga sun hau juna lafiya, amma babban baki a kan ƙaramin ƙwallo yana iya fita a ramin farko. Yawanci an buga lambar a saman ƙwallon da kuma jikin bakin tirelar, sai ka gwada su. Bayan an kulle a zura fil ko kwaɗo a makullin, sa'an nan a ɗaga hancin tirela da ƙarfi a ga ko bayan motar zai ɗago tare da shi. Sarƙoƙin nan biyu a gicciya su a ƙarƙashin hancin tirela, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, yadda idan maƙala ta saki hancin zai faɗa a kansu maimakon ya caki kwalta. Idan mai walda ne ya ƙera maka maƙalar, ka leƙa ka ga a jikin shasin mota ya kafa ta, ba a bamba ba.

Fitilun birki da na sigina a gwada su mutum yana tsaye a baya yana kallo, wannan ko don jami'an hukumar kiyaye haɗurra ma ya isa dalili. Tayoyin tirela ƙanana ne, suna juyawa fiye da na mota, don haka sun fi saurin ɗaukar zafi, kuma tirelar da ta daɗe a ajiye tayarta na iya tsattsagewa alhali haƙoranta na nan kamar sabuwa. Ka sa mai faci ya auna iskar da safe kafin ku tashi, ka tafi da safaya da jak da sifanar da ta dace da notinta, a kuma cika boris da giris.

Idan kun kama hanya, ku tsaya bayan kilomita 10 ko 15 ku sake matse kowane bel, domin a wannan ɗan tsakanin jirgi ke zama sosai, ɗaurin ya yi sako-sako. Ka taɓa cibiyar kowace taya da bayan hannunka. Ɗumi ba laifi ba ne, amma idan ba ka iya barin hannun a kai, boris na ci, kada ku ci gaba. Ka gaya wa direba kada ya wuce kilomita 70 zuwa 80 a awa ko da hanyar Zariya ta yi masa daɗi, ya ninka tazarar da yake bari tsakaninsa da na gaba tunda ƙaramar tirela irin wannan ba ta da birkin kanta, ya kuma buɗe kwana sosai. In tirela ta fara rawa, ya riƙe sitiyari a miƙe ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, kada ya taka birki da ƙarfi. Da kun isa bakin dam kuma ku dakata kamar minti 20 kafin ku tura tirelar cikin ruwa, saboda boris mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ciki, daga nan tsatsa ta kama shi. A wannan jiran ne za ku cire belolin baya, ku mayar da toshiya, ku zare wayar fitila, amma sarƙar goshi da igiyar winci su zauna har sai bayan jirgin ya taɓa ruwa.

Kafin ranar tafiya ka ɗauko mini hoton maƙalar motar da na goshin jirgin da na bayansa bayan an gama ɗaurewa, ka turo ta WhatsApp in duba. Ka gaishe mini da Hajiya da yara, mutanen gidana ma duk suna gaishe ku. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Wassalam.

Naka,
amininka na Yawuri.