Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Dattijon da Ya Ce Na Ƙaga wa Allah Rauni

Ranka ya daɗe, Baba Dattijo,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. A taron ma'aikatan ikkilisiya ka miƙe a gaban jama'a ka tambaya, idan Allah Mai Iko Dukka ne, ba ya kuma sakewa, da wane baki nake wa'azin cewa zunubinmu yana sa shi baƙin ciki? Ka kuma ƙara da cewa ina lallaɓa masu zunubi ne domin kujeru su cika. Tun da ba ka ga ya dace ka tako gidana ba, alhali ka san hanya, a fili zan ba ka amsa.

Zancen kujeru bai isa a tsaya kansa ba. Littafin baiko, wato kuɗin da masu ibada ke bayarwa, yana hannun ma'aji, mai so ya duba.

Abin da ya sosa mini rai shi ne zargin ƙaga wa Allah rauni. Ba ni na rubuta Farawa 6:6 ba, inda aka nuna cewa kafin ruwan tsufana muguntar ɗan Adam ta ɓata wa Ubangiji zuciya. Ba ni ba ne kuma na sa Yesu ya yi wa Urushalima kuka a Luka 19:41. Ayar da ka dogara a kanta, Malakai 3:6, da ka karanta ta har ƙarshe, da ka ga cewa rashin sakewar Allah ne dalilin da ya hana a hallaka zuriyar Yakubu. Haka nan a Yusha'u sura 11, Allah ya tuna yadda ya koya wa Ifraimu, wato jama'ar Isra'ila, tafiya, ya ɗauke shi a hannu, ya tambayi kansa yadda zai iya rabuwa da shi, sa'an nan ya ce ba zai hallaka shi ba domin shi Allah ne, ba mutum ba. Juyayin da kake gani kasawa, da shi Allah ya bambanta kansa da mu.

Wa'azin nan bai rage wa zunubi nauyi ba, ƙara masa ya yi. Tsoro kaɗai ɓuya yake haifarwa, kamar yadda Adamu ya laɓe cikin itatuwa. Amma da annabi Natan ya fuskanci Dawuda kan zinar da ya yi da matar Uriya, sarkin ya gane wanda ya saɓa wa, daga nan ne ya roƙi tsarkakakkiyar zuciya a Zabura 51. Wanda ya san akwai mai baƙin ciki dominsa yakan buɗe mikinsa a wanke, ko da zai yi zafi.

Ina mamakin wannan kishi naka na kare martabar Allah, domin ban ji muryarka ba a lokutan da ake sa yarinyar da ta yi ciki a ƙarƙashin horo, a mayar da ita kujerar baya, a hana ta Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, wanda ya yi mata cikin kuwa yana zaune a gaba saboda shi ya sayi kwanon rufin majami'a. Irin waɗannan yara sukan gama horo su fita da mikinsu ɗanye, wasu ba su sake dawowa. A zaman dattawa mai zuwa zan kawo wannan magana, ina fatan a ranar ma za ka miƙe tsaye.

Naka cikin hidimar Ubangiji,
Fastonka