Amsa ga Baba Alhaji kan Fina-finan Ban Tsoro

Assalamu alaikum, Baba Alhaji, ranka ya daɗe.

A taron iyaye da matasa da aka yi a unguwarmu ta Agege ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni, a matsayina na mai gidan kallo, wane amfani yaranmu suke samu a fina-finan ban tsoro, ban da jini da dodanni da hana ido barci. Ban amsa ba a lokacin, domin ba tarbiyya ba ce yaro ya tsaya yana musayar yawu da babba a bainar jama'a. Amma tunda a fili ka yi tambayar, na ga ya dace amsarta ma ta fito fili.

Akwai inda nake bayanka ɗari bisa ɗari. Da yawa daga cikin waɗannan fina-finai babu komai a cikinsu sai yanka da tsiraici, irinsu kuwa ba sa shiga gidana, kamar yadda ƙananan yara ba sa shiga daren da za a haska mai ban tsoro. Waɗanda nake karewa kaɗan ne, kuma su ɗin dodo ba shi ne jigonsu ba. Aikin dodon kawai ya rufe ƙofa, ya tare hanyar gudu, sa'an nan a ga halin da kowa zai fito da shi idan rai ya zo wuya.

Ɗauki fim ɗin George Romero na 1968, Night of the Living Dead. Mutum 7 ne suka fake a wani gidan gona a Amurka, matattu sun kewaye su, amma abin da ya cinye su gardama ce tsakanin maza biyu, Ben da Harry: a tsare gidan daga sama, ko a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa a kulle. Suna ta ja-in-ja har ɗaya ya harbi ɗaya, alhali abokin gabarsu yana waje yana dukan taga. A nan gida ma, a Living in Bondage na 1992, tsohon aboki ne ya ja jarumin fim ɗin, Andy, zuwa ƙungiyar asirin da ta sa ya ba da ran matarsa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne The Descent, fim ɗin Birtaniya na 2005 wanda Neil Marshall ya ba da umarni. Ƙawaye 6 ne suka shiga kogo, sai dutse ya rufta ya toshe hanyar da suka biyo, a nan ne jagorarsu Juno ta furta cewa kogon da ta kawo su ba wanda suka yi shawara ba ne, babu taswirarsa, babu kuma wanda ya san suna ciki. Tun kafin makafin halittun kogon su bayyana, amana ta riga ta tsage. Daga baya, a tsakiyar faɗa cikin duhu, Juno ta sari ƙawarta Beth a wuya bisa kuskure, Beth ta faɗi tana roƙonta kada ta tafi, ita kuwa ta ja da baya ta bar ta.

Daren da na haska shi ina tsaye kusa da janareta ina kallon fuskokin samari. Da halittun suka fito an yi ihu, an yi dariya, wasu sun ɓoye kai a bayan benci. Da Juno ta juya baya kuwa sai ɗakin ya yi tsit, har wani yaro mai turin baro a kasuwar Mile 12 ya ce a hankali, "Wallahi ta ci amana." Na kusa da shi ya ce masa, "Kai da kai ne, za ka tsaya?" Bai amsa ba. Bayan an tashi sun fi awa guda a bakin teburin mai shayi suna wannan muhawara, kuma ban ji ko mutum ɗaya ya ambaci dodo ba.

Baba, wannan tambaya ta yaron ni na san nauyinta. Ka tuna ranar Lahadi, 27 ga Janairu, 2002, da makamai suka yi ta fashewa a barikin soja na Ikeja, jama'a suka fantsama ba su san abin da ke korarsu ba, fiye da mutum 1,000 suka rasu, akasarinsu a magudanar ruwan Oke-Afa wadda ciyawa ta lulluɓe har ta yi kama da tudu. Ina Oshodi a ranar tare da abokina, wanda mota ɗaya ta kawo mu daga Arewa, ɗaki ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke sa hannu. Muna gudu riƙe da hannun juna sai ya yi tuntuɓe ya faɗi. Na ji ya kira sunana sau biyu. Na ji sarai, ban waiwaya ba.

Allah ya yi da sauran kwanansa, wani bawan Allah Bayerabe ya ɗaga shi. Da muka haɗu washegari bai ce mini uffan a kai ba, ni ma ban tayar ba, amma wata uku bai cika ba ya kwashe kayansa ya koma Idi-Araba. Kafin wannan rana da an tambaye ni, da na rantse zan mutu a kansa.

Mu baƙi ne a Legas, jarinmu yarda da juna: bashin kaya a kasuwa ba takarda, ajiyar kuɗi a hannun ɗan gari ɗaya, saƙon da ake ba direba ya kai wa iyaye. Yaran nan suna faɗin "amini" da sauƙi domin ba a taɓa gwada su ba. Na fi son su fara cin karo da wannan tambaya a kan benci, inda za su iya yin gardama su koma gida su kwana da ita, kafin ranar da za ta zo musu ba sallama kamar yadda ta zo mini.

Idan ka amince, Baba, ranar Asabar bayan sallar Isha'i zan ajiye maka kujera a baya, kusa da ƙofa, domin ka ga fuskokinsu da idonka. Abin da ka yanke bayan nan, zan bi.

Wassalam, naka ɗa,
Mai gidan kallo, Agege, Legas.