Iyayen Tawa, mu daina cewa yaro ba ya da kai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamar lissafi ce a wata kwaleji a nan garin Tawa, kuma ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da iyaye kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Yanzu wayoyin samari cike suke da bidiyon masu koyar da sirrin nasara. Ana kallo a fada, ana kurɓar shayi, a yaba, a watse, gobe kowa yana inda yake. Abin da nake gani yana canza ɗalibi bai kai wannan ƙyalli ba: kalmar da ake faɗa masa a gida, da ɗan aikin da yake yi kullum a lokaci ɗaya.

Uwa za ta zo karɓar sakamako, ɗiyarta na tsaye tana murza bakin hijabi, sai ta ce: "Madam, ki yi haƙuri, wannan ba ta da kai, ƙanenta ne mai ƙwaƙwalwa." A gaban yarinyar! Daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu a aji. In ta ga lissafi mai wuya sai ta rufe littafi, tunda an riga an yanke mata hukunci.

Shi ma ƙanen bai tsira ba. A 1998, a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, masanan halayyar ɗan Adam, sun ba yara aiki, aka yabi wasu da basira, wasu da ƙoƙari. Da aka kawo mai wuya suka faɗi, waɗanda aka yaba wa basira ne suka fi karaya, aikinsu ya ja baya, wasu har ƙarya suka yi kan makinsu. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa sun ci gaba da gwadawa.

Sai maganar sabo. Binciken Phillippa Lally a Landan ya nuna sabon hali kan ɗauki kwana 66 a tsaka-tsaki kafin ya zauna, a wasu mutane ma ya wuce 200, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe shi. Abin da ke kafa shi shi ne a ɗaure shi da abin da ake yi kullum. Mu kuwa ga salla biyar. Ni abin da nake ce wa masu shirin BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, shi ne: an sallame Magariba, a yi lissafi biyu kafin a sa hannu a tuwo. Biyu kawai. Haka manoman Illela suka farfaɗo da faƙo, tassa bayan tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwan sama, da ɗan taki a kowane rami.

Na san yunwa da rashin littafi ba sa jin magana mai daɗi, kuma ɗiya mace da ke wanke-wanke har dare ba ta da wannan lokacin. Shi ya sa nake roƙon iyaye mata su sakar mata rabin awa. Ƙungiyoyin iyayen ɗalibai kuma, don Allah ku sa wannan magana cikin taronku na farko in an koma lakkol a watan Oktoba.

Wassalam.
Wata malamar lissafi, Tawa