Masu Zanen Katun, Ku Karanta Sashen Mallaka Kafin Ku Sa Hannu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin jan hankalin matasa masu zanen katun da kwamfuta, waɗanda yanzu kamfanoni na kusa da na nesa ke ɗauka aiki ta intanet. Da yawansu idan aka miƙa musu takardar yarjejeniya, layin albashi kawai suke nema, sai su sa hannu. Alhali layin da zai bi su har tsufa yana can ciki, inda aka faɗi wa ya mallaki abin da suka zana.

Walt Disney kansa ya ɗanɗana wannan. Shi da Ub Iwerks ne suka ƙirƙiro zomon nan Oswald a 1927, amma a takarda na kamfanin Universal ne. A 1928 aka raba shi da zomon, aka kuma janye masa yawancin masu zanensa. Sai a 2006 kamfanin Disney ya dawo da shi, shekara arba'in bayan rasuwar Walt Disney.

Abin da za a fara tantancewa shi ne matsayinka: ma'aikaci ne kai mai albashi, ko ɗan kwangila da aka ba aiki guda? A Ingila, dokar 1988 ta ce abin da ma'aikaci ya yi a bakin aikinsa na ubangidansa ne tun daga tushe, sai in an yi yarjejeniya akasin haka. Ɗan kwangila kuwa haƙƙinsa na hannunsa har sai ya miƙa shi a rubuce da sa hannunsa. A Amurka, dokar 1976 ta yarda a ɗauki aikin ɗan kwangila tamkar na ma'aikaci idan ɓangarorin biyu sun rubuta haka, kuma aikin ya faɗa cikin rukuni tara da dokar ta lissafa. Ɓangaren fim yana cikinsu, don haka mai katun bai tsira ba. Wanda ya sayar da haƙƙinsa a can yana da damar karɓo shi bayan shekara 35, amma wanda aka rubuta aikinsa tamkar na ma'aikaci ba shi da wannan dama, domin a idon doka kamfanin ne ya zana. Saboda haka a duba ƙarshen takarda a ga dokar wace ƙasa aka ce za ta yi hukunci idan rigima ta tashi.

Inda aka fi yin asara shi ne jimlar da ke cewa duk abin da ka ƙirƙira "a tsawon zamanka da kamfani" nasu ne. Wannan jimla ba ta san dare ba, ba ta san ranar hutu ba. Yaron da ka shekara uku kana zanawa a littafinka, ka gyara masa hanci da idanu har ya zauna, kana iya wayar gari an ce ba naka ba ne, don kawai ka ƙarasa shi lokacin da kake karɓar albashinsu. Shari'ar 'yar tsanar Bratz a kan irin wannan ta taso: Carter Bryant, wanda ya ƙirƙiro ta, ya yi aiki a Mattel, kamfanin kayan wasan yara, aka yi ta jayayya ko yarjejeniyarsa ta haɗa da tunanin da ya yi lokacin da ba ya bakin aiki. Masu taya alƙali hukunci suka ba Mattel gaskiya a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2010, a 2011 kuma nasara ta koma ga kamfanin MGA, mai ƙera Bratz.

Maganin yana da sauƙi, kuma a ganinmu shi ya fi komai muhimmanci. Kafin sa hannu, a haɗa wa yarjejeniyar takarda mai ɗauke da jerin duk abin da ka riga ka mallaka: sunan kowane ɗan katun, hotonsa guda, ranar da ka fara shi, da labarin da kake ginawa a kansa ko da bai kammala ba. Kai da kamfani ku sa hannu a kowane shafi. Sannan a nemi a taƙaita jimlar ga abin da aka yi a lokacin aiki, da kayan kamfani, don aikin da kamfani ya sa ka. Daga nan kai ma ka kiyaye. Kada ka buɗe aikinka na kanka a kwamfutar ofis ko da manhajar zane irin Maya ko Toon Boom da kamfani ya biya wa lasisi, domin fayil yana riƙe rana da sa'ar da aka taɓa shi, kuma da shi lauyansu zai kafa hujja.

Ga ɗan kwangila, sayarwa daban, ba da lasisi daban. Lasisi aro ne mai iyaka: shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, a talabijin ko a YouTube, shi kaɗai zai yi amfani da shi ko kana iya ba wani. Mai talla da ke son bidiyon daƙiƙa 30 ba ya buƙatar mallakar ɗan katun ɗin har abada, balle izinin buga shi a riguna da kayan wasan yara, inda sau da yawa kuɗin gaske yake. In ya nace sai ya saya ɗungurungum, farashin ya nuna haka. A kuma bambanta bidiyon da aka gama da fayilolin asali, wato sassan zanen da ƙashin da ake motsa shi da shi. Wanda ya riƙe waɗannan yana iya yin kashi na biyu da na uku ba tare da ya sake nemanka ba, shi ya sa ake sa musu kuɗinsu daban.

Gyara ma a ƙayyade shi. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, ko an riƙe kowane zane sau biyu, minti ɗaya zane 720 ne. Wanda ya ce "ɗan canja masa tafiya" bai san ya nemi aikin kwanaki ba. A rubuta zagaye biyu ko uku na gyara a kowane mataki, abin da ya wuce haka da ladansa, kuma matakin da aka riga aka amince da shi ba a komawa kansa kyauta.

Kada a manta da suna. Yarjejeniyar Berne, ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mallaka, ta amince wa mai fasaha a ambace shi a aikinsa, a Faransa ma wannan haƙƙi ba ya sayuwa, amma a Ingila ana iya yafe shi a rubuce, kuma kamfanoni kan saka layin yafewar. A nemi a rubuta cewa sunanka zai fito a ƙarshen fim, kuma za ka iya nuna guntun aikin ga masu ɗaukar aiki bayan an sake shi. Mai zanen da sharaɗin rufe sirri ya hana nuna aikin shekara biyu, da me zai nemi na gaba? Sabon abin lura kuma shi ne ƙirƙirarriyar basira: a fayyace ko an yarda a horar da na'ura da zanenka ko ba a yarda ba.

A batun biya, a karɓi kafin alƙalami, a raba sauran bisa matakai, a kuma rubuta cewa mallaka ba ta koma hannun mai aiki sai kuɗin ƙarshe ya shigo. Idan aka soke aikin a tsakiya, a biya abin da aka yi, zanen da ba a biya ba ya zauna wurin mai shi. Kafin a mayar da takardar, a ba lauyan da ya san haƙƙin mallaka ya duba ta, a kuma ajiye kwafin da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu sana'ar zanen katun