Na yi wa dattijuwa alƙawarin fim, masu kuɗi sun ce sai yarinya

Assalamu alaikum Hajiya,

Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali? Ni ɗan Kano ne, shekarata ta huɗu ke nan a Beijing ina karatun shirya fim. Wata damuwa ce ta hana ni barci, shi ne na ce bari in kawo kukana gare ki.

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata, shekarunta 71, Malama nake ce mata. Kusan shekara arba'in ta yi tana wasan daɓe. Yanzu in an kira ta fim, kakar jarumi ce ko surukar jaruma: ta miƙa kwanon miya, ta ɗan yi faɗa, shi ke nan. Ta taɓa nuna min takardar wata fitowa da aka ba ta, layi uku kacal, amma ta cika gefen takardar da jan biro, inda za ta ja numfashi, inda za ta yi shiru. Ita ta gyara min Sinancina, kuma da zazzaɓi ya kwantar da ni ita ta riƙa hawo min bene da kunun shinkafa.

Saboda ita na rubuta labarin wata tsohuwa da ta bar ƙauye neman ƙanwarta. Ranar da na ce mata ita ce jarumar, ba ta ce uffan ba, ta tashi haɗa shayi. Na ga butar tana rawa a hannunta.

To Hajiya, wani kamfani ya karanta labarin, ya ce zai zuba kuɗi, amma da sharaɗi: a mayar da jarumar 'yar shekara 25, a ba wata mai ɗimbin mabiya a shafukan sada zumunta na Weibo da Douyin, irin waɗanda ake kira "liuliang". Wai matasa ne ke sayen tikiti. Na tuna wa furodusan cewa ƙidayar 2020 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama sun kai miliyan 264 a nan ƙasar Sin, kuma a 2022 Wu Yanshu ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin finafinai na Beijing tana da shekara 84. Ya ce lambar yabo ba ta cika silima. Tun 2019 jaruma Hai Qing ta hau dandamalin bikin finafinai na FIRST a birnin Xining tana roƙon daraktoci su waiwayi mata masu matsakaicin shekaru, ita da ba ta wuce arba'in da kaɗan ba. Ina ga Malama?

Ni kuma tallafin karatuna ya kusa ƙarewa, mahaifina fili ya sayar ya turo ni. Abokaina sun ce in karɓa, in na samu shiga sai in yi na gaba da ita. Amma gwiwoyinta sun fara gazawa, wa ya san gobe?

Har yanzu ban faɗa mata ba. Jiya na tarar ta haddace rabin labarin, har ta samo tsohuwar rigar ƙauye da za ta sa. Wallahi kasa haɗa ido na yi da ita.

Hajiya, in na karɓa na ci amana ke nan? In kuma na ƙi, na kyauta wa mahaifina? Kuma ta wane baki zan fara yi mata maganar? Sun ba ni mako biyu.

Ɗanki,
wani ɗalibi a Beijing