A Bar Wa Masu Keke Gefen Titin Kano Zuwa Zariya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan masu doguwar tafiya a keke daga Kano zuwa Zariya. Wanda ya ratsa Kura da Kadawa da rani zai ga gonakin shinkafa da tumatir da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, ya tarar da kwanduna jibge a Kwanar Gafan, kuma ba ya rasa mai faci a gindin bishiya. Wahalar tana bakin birane, inda tireloli ke tsayawa a gefen titi har su tura mai keke tsakiyar motoci. Ya kamata hukuma ta hana wannan, ta kuma kwashe yashin da ke taruwa a gefen kwalta.

Naka,
Mai karatu daga Kano